Rabin Wasiƙar Verna

Harlan Falls, Ohio
25 ga Fabrairu, 2003

Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙugun, yaya zafin Arizona? Ina Yaya Noreen da maigidanta da yaran? Ta ce min har yanzu kana ƙin sa na'urar kunnen nan, wai tana yi maka ƙara. To shi ke nan, tunda waya ta gagara sai ka haƙura da rubutuna, wanda tun ina firamare kake cewa kamar kaza ta yi tono.

Mu nan dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, motata sai na lallaɓa ta take tashi. Garin kuwa da za ka dawo ba za ka gane shi ba. Duk bishiyar da ke babban titi an ɗaura mata ƙyalle ruwan ɗorawa, alamar jiran sojoji su dawo gida, ko sandunan fitila ba su tsira ba. Yara arba'in da ɗaya masu aikin soja aka kwashe daga gundumarmu zuwa Kuwait, suna jiran a ce su shiga Iraƙi.

A ofis, Gil Hostetler, wanda ka bari yana ɗauko labarin ƙwallo lokacin da ka ajiye aikin ɗab'i, tun da ya zama babban edita ya rataye talabijin a saman teburinsa. Daga safe har mu tashi ba ta mutuwa. Taswira, jajayen kibiyoyi, tsofaffin janar-janar da sanda a hannu suna nuna inda wai aka ɓoye makaman guba. Akwai wani kiɗan ganga da suke sakawa kafin kowane labari, jiya na tsinci kaina ina bin sa da baki ina wanke kwanuka. Ranar nan Gil ya tsaya ƙarƙashinta da kofinsa a hannu ya ce, "Rhonda, in duk manyan gidajen nan sun ce akwai makaman, mu 'yar jarida mai kwafi dubu tara ne za mu ce babu?" Na ce masa ni dai shafin wasiƙu aka ba ni, ba a ba ni Iraƙi ba.

To ga labarin da nake son ba ka, ka ga 'yarka ba ta zubar maka da suna ba. Ranar Asabar muka fitar da shafi na musamman mai taken "Muna Bayan 'Ya'yanmu", Gil ya ce in nemo masa wasiƙa ɗaya da za ta riƙe shafin. Sai ga ta Verna Stuckey. Ka tuna ta, matar marigayi Dale mai gyaran injin ɗumama gida, wadda take dafa abinci a makarantar sakandare. Ɗanta Curtis, shi kaɗai gare ta, yana cikin waɗanda aka kwashe.

Baba, matar nan ta iya rubutu. Shafi uku da hannunta, a takardar makaranta mai layi. Ta ba da labarin yadda tun yana ƙarami yake share wa tsofaffin unguwarsu dusar ƙofar gida ba wanda ya sa shi, da yadda ya shiga soja yana ɗan shekara sha tara bayan rasuwar ubansa. Ta ce, "Ina alfahari da ɗana, kuma ba na jin kunyar kowa ya sani." Ina karantawa na san na sami abin da nake nema.

Sai dai ta yi tsawo. Dokar shafin har yanzu tana nan, kalma ɗari biyu, ita kuwa ta haura ɗari huɗu. Na yi yadda ka koya min: in rubutu ya yi yawa a sa almakashi daga ƙasa, sama ba a taɓa shi. Na ɗora mata kanun "Ina Alfahari da Ɗana", na sa hoton Curtis cikin kaki a gefe.

Kafin ƙarfe huɗu ba sauran kwafi ko ɗaya a garin. Waya ba ta huta ba, mata suna bugowa suna kuka. Gil har da sayo min donat, mutumin da ko barka da safiya sai ya ga dama. Na sako maka shafin a ciki ka gani da idonka.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci, kada ka sa Yaya Noreen ta yi ta binka. Ni ƙalau nake, sai ɗan ciwon kai. Tun Asabar kuma na daina bin titin makarantar in zan je ofis, ina zagayawa ta gada, wai don santsi.

Ka gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Rhonda


30 ga Maris, 2003

Babana,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan kana samun sauƙi. Yaya Noreen ta ce ka fara taka ƙafar har bakin titi, na ji daɗi ƙwarai. Ka gaishe ta da yaran.

Wasiƙarka ta iso tun makonni uku da suka wuce. Layi huɗu kacal, uku a kan ƙugunka, na huɗun kuma tambaya: "Me ke ƙasan?" Na yi fushi da kai sosai, gara in faɗa maka. Na aiko maka shafin da duk gari ke yabo, ko sannu ba ka ce ba. Na jefa takardar a aljihun tebur na ce ba zan amsa ba. Amma shekara talatin da takwas ka yi kana haɗa shafi, ka san inda rubutu ya ƙare da kansa da inda aka datse shi, kuma na san ba za ka daina jira ba.

Ga abin da ke ƙasan wasiƙar Verna. Ba sai na duba ba, na haddace shi:

"Amma tunda kun ce mu faɗi ra'ayinmu, ga nawa. Kullum ina gaban talabijin ina jiran wani ya nuna min abin da mutanen can suka yi mana, taswira kawai nake gani da kiɗa. Ban yarda da yaƙin nan ba. Ban haifi Curtis don a tafi da shi a gwada ko maganar gaskiya ce ba. Saura masa shekara guda ya gama wa'adinsa. Ina roƙon duk mai iko ya dawo min da shi, ina kuma roƙon maƙwabtana su ɗan tsagaita tafi su yi tambaya."

Na so in ce maka ban lura ba, sauri ne, ƙarfe sha ɗaya ta kusa ana jiran shafi. Ƙarya ce. Sau biyu na karanta ta har ƙarshe. Na so in ce kai ka koya min, amma ni ma na san dokar taka ta ɗan jarida ce, wanda aka horar ya sa babbar magana a sama ya bar tarkace a ƙasa. Mutanen gari ba haka suke rubutu ba. Sai sun gaisa, sun yaba, sun lallaɓa, sannan su ajiye abin da ya kawo su a ƙarshe. Shekara sha shida ina buɗe wasiƙunsu, wa zai koya min wannan? Kuma akwai wuri, Baba. Hoton tuta na faɗaɗa na cike shi.

Tunda na fara bari in ƙarasa. A wancan makon wasiƙu talatin da ɗaya muka samu, sha biyu ba sa son yaƙin. Guda ɗaya na buga a cikinsu, ta tsohon nan Lyman Oakes da yake rubuto mana kowane wata cewa gwamnati tana zuba masa wani abu a ruwan famfo. Ba wanda ya ce in yi haka. Gil bai ce ba, ba kuma wanda ya bugo daga Washington. Na dai kalli fuskar ofis, na kalli talabijin, na san abin da za a so. Duk wanda ya buɗe shafina ranar zai ɗauka a garin nan mahaukaci ne kaɗai ke da tambaya.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Ranar da aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, aka kira taro a ɗakin wasanni na makarantar, har motar gidan talabijin ta zo daga birni. Wani ya karanta wasiƙar a lasifika, wato rabin da na bari. Sai aka shiga kiran sunan Verna, aka jawo ta daga ƙofar kicin da hular aikinta a ka, aka tsayar da ita gaban mutum kusan dubu. Aka miƙa mata abin magana. Ta buɗe baki, ta dubi jama'a duk sun miƙe suna tafi da tutoci, cikinsu har da iyayen sauran yara arba'in ɗin, ta rufe bakin. Da yamma a labarai aka nuno ta, mai karantawa yana cewa uwa ce da alfahari ya hana ta magana. Ni ina can baya kusa da ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma da na ga na kusa da ni yana kallona ni ma na tafa.

Sau uku ta bugo ofis tana nemana. Sau uku na ce a ce mata na fita.

Kada ka amsa min da layi huɗu, don Allah. Ka zage ni ma ya fi.

'Yarka,
Rhonda


9 ga Nuwamba, 2003

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya Yaya Noreen? Na san na yi laifi, wata bakwai ba abin da ka samu daga wurina sai katin ranar haihuwa. Ka ce in je in sami Verna in buga sauran wasiƙarta. Na karanta, na ce gobe, goben nan kuwa ta yi ta haihuwar wata goben.

Ka dai ga yadda abubuwa suka tafi. Makaman nan har yau ba a nuna mana ko ɗaya ba. Janar-janar ɗin sun ajiye sandunansu, talabijin ɗin Gil yanzu rabin yini shari'ar wani mai kuɗi take nunawa. Ƙyallayen bishiyoyi rana ta cinye su sun koɗe. Yara biyu daga cikin arba'in da ɗayan an dawo da su a akwati, ni na gyara sanarwar rasuwarsu, kalma ɗari da hamsin kowanne.

Ranar Laraba Verna ta ritsa ni a babban kanti, wajen gwangwanayen wake. Ba hanyar gudu, keken kayana ya tare gefe ɗaya, nata ya tare ɗayan. Ta rame, Baba. Na shirya ta yi min wankin babban bargo a gaban mutane, da ta yi ma da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Rhonda Pelkey, ashe kina gari. Na ɗauka tun Fabrairu kika fita ba ki dawo ba."

Na fara kame-kame, dokar shafi, kalma ɗari biyu. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ajiye wannan. Ni na dafa miki abinci shekara huɗu kina makaranta, na san fuskarki in kin ɗauki burodi biyu kin ce ɗaya ne. Ba faɗa na zo yi ba, ba ni da lokacinsa."

Ga abin da ya faru. Ka san duk mako muna aika wa yaran gundumarmu jarida kyauta har can. Curtis ya sami shafin yana Kuwait, abokansa suka yi ta karɓa suna karantawa, har wani babbansu ya karanta wa rundunar. Kafin ya tafi ya yi mata alkawari yana gama wa'adinsa zai ajiye kaki ya dawo ya buɗe shagon ubansa. Yanzu ya rubuto wai yana tunanin sake sa hannu, shekara huɗu. Ƙarshen Janairu zai ba su amsa.

Na ce, "Misis Stuckey, ki rubuta masa mana, ki gaya masa gaskiya."

Ta ce, "Kin ɗauka jiranki nake? Sau biyar na rubuta." Ta buɗe jaka ta ciro amsarsa ta karanta min a tsaye a wurin: "Mama, na san tsoro ne, duk iyaye mata haka suke rubutowa yanzu. Amma ni na san abin da ke zuciyarki na gaskiya, na karanta shi a jarida." Ta ninke takardar ta ce, "Kin gani? Hannuna ne, ya san rubutuna tun yana koyon karatu, amma naku na inji ya fi nawa gaskiya a wurinsa. Na ce masa yankewa aka yi, ya ce jarida ba za ta yi haka ba."

Abin da take so ɗaya ne. In buga wasiƙar cikakkiya, a shafin da ta fito, in kuma rubuta a sama da sunana cewa ni na yanke, tun Fabrairu haka ta rubuta. Ta ce in ya gani a jarida zai yarda. Jarida tana yin mako biyu kafin ta isa hannunsu, saboda haka akwai lokaci, in na so. Na ce mata na yi alkawari. Ta dube ni ta ce, "To," ta ja kekenta ta wuce.

Washegari na shiga wurin Gil na rufe ƙofa na gaya masa komai. Ya sha mur, ya yi ta juya biro. Ya ce, "Akwai kalmar da muka ƙara mata?" Na ce babu. Ya ce, "Akwai wadda muka canza?" Na ce babu. Ya ce, "To gyaran me za mu buga? Gyara na kuskure ne, wannan tacewa ce, kowace jarida tana yi." Na ce masa yaro ne zai sake shekara huɗu a can saboda tacewar tamu. Ya ce, "Rhonda, gidaje biyu a garin nan ba su gama kuka ba. Kina so su buɗe jarida su ga uwar da ta ba su ƙarfin gwiwa tana cewa 'ya'yansu sun mutu a banza? Kuma da sunanki a sama? Ke za ki iya shiga coci bayan nan?" Daga ƙarshe ya ce in bari bukukuwa su wuce, bayan Kirsimeti sai mu duba.

Ka san me na ce, Baba? Na ce to. Har wani sanyi na ji a raina da ya hana, don yanzu ina da wanda zan ɗora wa. Wannan sanyin ne ya fi komai ba ni kunya.

Amma akwai lokaci. Zan yi, ko da yardarsa ko babu. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Rhonda


17 ga Janairu, 2004

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, kai da Yaya Noreen da iyalinta. Na gode da safar da ka aiko, ta yi min daidai. Ka tambaya ko na yi. Ka zauna tukuna, zan ba ka labarin a jere.

Nuwamba ta wuce ina cewa bari a gama bikin godiya ga Allah na ƙarshen wata. Disamba ta kama, sai aka cafke hamɓararren shugaban Iraƙi a rami, talabijin ta dawo da gangunanta, aka sake ɗaura sababbin ƙyallaye. Gil ya leƙo teburina yana murmushi ya ce, "Yanzu kuma fa?" Na ci gaba da buɗe wasiƙuna. Kirsimeti ta zo ta wuce, bai ce mu duba ba, ni ma ban tuna masa ba. Kullum ina gaban kalanda ina lissafi kamar mai wayo: ƙarshen Janairu, a cire mako biyu da 'yan kwanaki, ashe har sha biyu ga wata ina da dama. Sau biyu na hango Verna a coci, ta dube ni, na gyaɗa mata kai alamar ina sane.

Ranar Litinin sha biyu ga wata Gil ya tafi cire haƙori. Na zo ofis da sassafe na haɗa shafin da hannuna. Wasiƙarta gaba ɗaya, ba waƙafi ɗaya da na taɓa. A sama na rubuta: "Ni Rhonda Pelkey na yanke rabin wannan wasiƙa a Fabrairun bara, ina sane da abin da ke cikinsa." Allah ya sani na ji daɗin kaina. Har na fara tsara yadda zan kwashe kayana a kwali in Gil ya kore ni, da yadda zan rubuto maka. Na fitar da kwafin gwaji na ce bari in kai mata ta gani kafin a rufe shafi ƙarfe sha ɗaya. In faɗa maka gaskiya, so nake ta ce min na gode.

Na same ta a kicin ɗin makaranta tana juya miyar wake a tukunyar nan mai kama da baho. Na miƙa mata. Ta goge hannu a gaban rigarta, ta sa tabarau, ta karanta tun daga sunana har ƙasa, ba ta tsallake layi ba. Sannan ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata tukunyar, ta ja ni ɗakin ajiya ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Ya sa hannu ranar Alhamis."

Na ce ai ƙarshen wata aka ce. Ta ce, "Ƙarshen wata ne iyaka. Babbansu ya tara waɗanda suka riga suka yanke shawara, aka yi musu rantsuwa tare. Jiya ya bugo. Murna yake, Rhonda. Cewa ya yi, Mama, na san za ki yi alfahari."

Na zauna a kan buhun dankali. Na ce duk da haka zan buga, ko don gari ya san gaskiya, ko don sunanta ya wanku. Ina magana ina kuka, ni da ba ni da ɗa a can.

Ta ce, "Ba za ki buga ba."

Na ce, "Misis Stuckey, ke kika ce in buga."

Ta ce, "Na ce ki buga a Nuwamba. A Nuwamba takardar nan za ta dawo min da ɗana. Yau me za ta yi? Ya riga ya rantse, ba a janyewa. Ki aika masa ya karanta cewa ya ba da shekara huɗu a kan maganar da uwarsa ba ta gama faɗa ba? Ya fita sintiri da wannan a ransa? In hankalinsa ya rabu biyu a kan titin can, ke za ki je ki ɗauko min shi?" Ta ninke shafin ta tura min a aljihun kwat. "Wannan don ke kika yi shi, don ki sami barci. Ni ba ni da abin da zan yi da shi. Uwar da kuka ƙera masa ita yake da ita yanzu, ki bar masa ita."

Na miƙe zan fita, ta ce in tsaya. Ta ce ta san za mu ba da labarin sake sa hannun nasa, kuma za a zo ana neman ta bakinta. "Ni ba zan iya ba, bakina ba zai furta ba. Ke ki rubuta. Ki ce ina murna, ki ce ina bayansa, ki sa sunana a ƙasa. Ki yi shi da kyau yadda zai yarda. Ai kin iya."

Ba gatse take yi ba, Baba, shi ne abin. Roƙona take yi.

Na koma ofis saura minti ashirin a rufe. Na cire shafin, na cike wurin da wasiƙu uku a kan ramukan titi. Gil ya dawo da kumburarren kunci bai san an yi komai ba, har yau bai sani ba. Ranar Laraba ya ce a yi labarin Curtis a shafin farko, a samo kalaman uwar. Na ce ina da su.

Na rubuta. Na zauna na yi muryar matar nan, da yadda take jera magana, na sa ta ce abin da ba ta yarda da shi ba, wannan karon kuma ko kalma ɗaya ba tata ba ce. Na kai mata ta duba, ta karanta ta ce, "Ya yi. Zai yarda." Ya fito ranar Alhamis, mutane suna ta bugowa suna yabo.

Ba na neman ka ce min komai, kuma ban sako maka shafin ba, kada ka sa Yaya Noreen ta nemo. Shekara huɗu ne, duk abin da za ta ce masa ta jarida a cikinsu ni zan rubuta, haka muka yi da ita. Jiya aka ɗaure jaridun da za a aika wa yaran can. Ni na liƙa adireshinsa a kan tasa.

Ka huta lafiya, Baba. Allah ya ƙara maka sauƙi.

'Yarka,
Rhonda